Rumbun da Ya Ci Marka

Shugaban kwamiti, ka rubuta da Turanci cewa katangar ajin yaranmu za ta iya "withstand" damina, alhali fenti kawai kuka shafa a kan tsagar da ke jikinta. Shekara talatin na yi ina koyar da wannan kalma. Ba a faɗinta sai ga abin da aka buga, aka sake bugawa, ya ƙi faɗuwa. Ku janye takardar, ku rushe katangar ku sake ta. Ga misali, in kana da kunnen ji.

An yi wani tsohon magini da wani manomi mai abin hannu ya kira ya gina masa rumbu biyu kafin kaka. Maginin nan ba ya gaggawa. Sai ya jiƙa ƙasa, ya zuba mata yankakkiyar ciyawa, ya tattake ta da ƙafa har ta yi danƙo, ya rufe ta ta kwana bakwai tana ruɓa. Ya jera duwatsu a ƙasa don kada gindin rumbu ya sha laima. In ya ɗora zagaye ɗaya sai ya wanke hannu ya zauna, ba zai ƙara wani ba sai na farko ya bushe ƙayau. Daga ƙarshe ya jiƙa ɓawon ɗorawa ya yi makuba, ya yaɓe jikin rumbun har sau biyu. Kwana arba'in ya ci a kan guda ɗaya. Manomi ya ga dawa ta fara sunkuyar da kai, ransa ya ɓaci. Ranar Juma'a, bayan an sallame, ya ɗaga murya a ƙofar masallaci ya ce tsohon nan malalaci ne, yana jan aiki don ya daɗe yana shan furar gidansa. Ya kore shi, ya ɗauko wani mai zafin hannu wanda ya tayar da rumbu na biyu cikin kwana huɗu, ya goge shi sumul har mutane suna tsayawa kallo. Tun daga ranar babu wanda ya sake kiran tsohon ko da gyaran akurki. Maganar ta ci masa rai, domin sana'ar gado ce, kuma sunansa ne kaɗai jarinsa. Amma ya san abin da ya binne a cikin ƙasar nan.

Rani ya wuce rumbunan biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, na kwana huɗun ma ya fi kyan gani. Sai damina ta nutsa, marka ta sauka, kwana shida sama ba ta ɗauke ba. Rumbun mai sheƙi ya sha ruwa ya kumbura, gindinsa ya saki, ya zube kamar kunu, dawar ciki ta tsiro a cikin taɓo. Na tsohon kuwa ruwa ya buge shi ta gabas, iska ta juyo ta buge shi ta yamma, ko ɓarɓashi bai zubar ba. Da aka buɗe shi hatsi a bushe yake, kuma shi gidan ya ci har sabon gero ya fito. Manomi ya aika da goro a asirce, wai tsoho ya zo ya sake masa gini. Tsoho ya mayar da goron ya ce, "Ku gaya wa maigida, inda ya zubar da mutuncina, nan zai je ya kwaso shi." Manomi ya yi ta kewaye-kewaye har mako biyu, amma kaka tana matsowa, ba shi da inda zai zuba amfanin gona. Ranar Juma'a ya miƙe a ƙofar masallacin nan, hula a hannu, ya ce shi ne ya yi ƙarya, tsoho gwani ne. Kafin mutane su watse, magidanta biyar sun riƙe hannun rigar tsohon, kowa yana so a fara da nasa, kuma babu wanda ya tambaye shi kwana nawa zai ɗauka.

Da ma Hausawa sun ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.