Ranar da Ta Leƙa Albashinsa

"Na ga sunanki," in ji abokin aikinta, ana tsakiyar cin abincin rana.

Jiya ta leƙa abin da yake samu a shafin hukumar harajin Norway, ta manta cewa ana nuna wa mutum wanda ya leƙa shi. A ofishin nan kuwa, gara zagi da tambayar albashi.

"Haba abokiya, ai da kin tambaye ni!" Ya faɗi albashinsa kowa na ji. Aikinsu ɗaya, amma ya fi ta nesa ba kusa ba.

Ta daure ta faɗi nata. Na kusa da ita ma ta faɗa.

Manaja ya ajiye burodinsa. "Same ni a ofis, ke kaɗai."

Ta miƙe. Duk teburin ya miƙe tare da ita.