Ɓawon Gyaɗa a Gindin Mangwarona

Har yau ina jin ƙarar ɓawon gyaɗa yana zuba daga kwando, shaaa, a lambun Baba da ke bayan garin Daura. La'asar ce ta bazara, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Ni da yayata Hajara kowa da dashen mangwaronta. Gindin nata a share yake tas, har da zanen tsintsiya. Nawa kuwa Baba ya ba shi ruwa, ya juye masa ɓawon, ya baza da hannu.

"Baba, nawa ne bola?" na ce, idona ya ciko. "Na Yaya ba ka zuba masa shara ba."

Ya yi dariya. "Uwata, mayafi na ba shi, don kada rana ta shanye masa ruwa."

Ban yarda ba. A gidanmu abin da ake so shi ake sharewa. Na tsaya ina kallon Hajara tana shafa ganyen nata, ina fatan akuya ta shigo ta cinye shi.

Sai da na girma, muna zaune a inuwar mangwaron nan nawa, Hajara ta gaya min kwandon ɓawon ke nan kaɗai a gidan, Inna ta ajiye don hura wuta. Hajara ma ta roƙa a zuba wa nata, Baba ya ce nawa ne a tsakiyar rana, in babu mayafi ba zai kai damina ba. Ashe ranar ita ma da kishina ta koma gida.