Kwaɗo a Ƙofar Banɗaki

Da 'yan sanda suka shigo masana'antar ɗinkin, kekuna saba'in sun yi tsit. Wata tsohuwar tela na tsaye gaban banɗakin da Manaja ya garƙame da kwaɗo kwana tara, wai fitsari na cinye lokacin aiki.

Ba zagi, ba jifa. Takarda kawai take karantawa da ƙarfi, sauran mata na maimaitawa:

"Ma'aikaci mutum ne, ba inji ba. Duk wanda ya wulaƙanta shi ba shi da gurbi a gidan nan."

"Ka ji ko, Yallaɓai?" in ji Manaja. "Tunzura jama'a ƙiri-ƙiri! Wanda ya rubuta wannan, a tafi da shi!"

Sufeto ya zaro ankwa. "Iya, wa ya rubuta miki?"

"Ni ina na iya wannan, ɗana? A bangon ofis na ciro ta, bayan kalanda. Tun shekarar da masu bincike suka zo aka liƙa ta."

Sufeto ya karɓa, ya duba sa hannun da ke ƙasa, ya ga na Manaja ne, ya ɗago ya ƙura masa ido, ankwa na lilo a yatsansa.

Manaja ya hau laluben aljihu. "Makullin nan fa, yanzun nan na gan shi."