Koren Allo a Lungun Gabas

Tayar keken guragun ta maƙale a dokin ƙofar zauren majalisar gari, sai da Auta ta sa gwiwa ta ingiza. Baba, mahaifinta, ya yi gaba kamar zai kife. Ta tare shi da hannu ɗaya, ta goge masa gefen baki da ɗayan.

Zaman na yau a kan lungun gabas na lambun bakin tafki ne. Kulob ɗin masu jiragen shaƙatawa, da gininsu ke jikin lambun, suna so su kewaye lungun da shinge. A duk faɗin lambun kuwa nan ne kaɗai ƙasa ta kwanta sumul har bakin ruwa, nan kaɗai keke ke iya gangarawa. Tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye bara waccan, magana ta ɗauke, hannun rubutu ya mutu, ba ya haɗiye loma sai Auta ta rufe shagon ɗinkinta da yamma ta kai shi can ya ga ruwa.

Shekara talatin Baba ya yi yana aikin lambun nan, bayan ritaya ma bai daina zagayawa da gwangwanin fenti ba. Duk bencin da ya shafa, sai ya zana ɗan ganye da bakin burushi a ƙarƙashinsa, ganye ɗaya duk shafa ɗaya. Auta tana ƙarama takan rarrafa ta leƙa su. Shi kuma yana aiki yana mita: allon hukuma na hana taka ciyawa ya zama wurin shanya, mutanenmu ba sa jin maganar hukuma, inuwar masu hannu da shuni kawai suke tsoro.

A lungun nan Inna, mahaifiyar Auta, ta yi jinyarta ta ƙarshe shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, lokacin da ko ƙarar cokali sara mata kai take yi. Baba ya shimfiɗa mata tabarma, ta yi barcinta, ba mai ƙwallo, ba mai rediyo.

Lauyan kulob ya miƙe, mutum mai ladabin da ke ba da haushi. Ya haska hoto a bango: wani tsohon koren allo, an rubuta cewa wurin 'yan kulob ne, ba a shiga. Ya ce shekara ashirin da ɗaya allon yana tsaye, ana sabunta fentinsa, babu wanda ya taɓa kai ƙara. Ƙa'idar majalisar kuma ta ce wanda ya yi wa wuri alama ya kula da ita shekara ashirin ba gardama, shi za a ba riƙonsa. Da aka tambaye shi wa ya kafa allon, ya ce magabatansu na kulob, Allah ya ji ƙansu, ba su bar takarda ba. Har haƙuri ya bayar wai fentin ya ɗan kwaile a shekara biyun nan.

Auta ba ta jira an ba ta dama ba. Ta ce su da ke da rabin tafki, da injin jirgi mai hana yara barci, yanzu taku arba'in ɗin da ya rage wa talaka ne ya tsone musu ido? Ta ce ita kam tun tana goye take wuce allon nan, 'yar mai lambu ce, ba ta taɓa neman izinin kowa ba. Lauyan ya yi murmushi, ya tambayi zauren wa ya taɓa shiga ban da iyalin mai lambu. Hannu ko ɗaya bai tashi ba.

A nan Baba ya fara dukan hannun kekensa. Ya nuna hoton da hannun hagu, ya bugi ƙirjinsa. Ya sake nunawa, ya sake bugu, wani gurnani yana fita daga rabin bakinsa.

"Kun gani ko?" in ji Auta. "Cewa yake zuciyarsa kuka taɓa."

Baba ya girgiza kai da ƙarfi har hularsa ta faɗi. Shugabar zaman ta ce tana tausaya wa dattijo, amma in ba zai natsu ba a fita da shi. Auta ta juya keken. A bakin ƙofa ya damƙi ƙyaure, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, don Allah ka bari. Kana ɓata mana magana."

Suna waje aka kaɗa ƙuri'a. Bakwai da biyu, kulob ya yi nasara, kuma hukuncin majalisa ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Ranar da ma'aikata suka zo da turakun ƙarfe, ta tura shi har inda aka ja igiya. Daga nan ba a ganin ruwa, sai bayan motar kaya. Kwana shida ke nan ba ya cin komai sai abin da ta ɗura masa. Suna kallo aka tumɓuke tsohon allon, tunda kulob ya yo sabo mai sheƙi, aka wurga shi kan tarkacen da ke bayan motar, fuskarsa a kife.

Motar ta taso a hankali, ta wuce ta gabansu. A bayan allon, inda shekara da shekaru ƙaya ta rufe, Auta ta ga 'yan ganyaye jere layi biyu, zanen bakin burushi irin na ƙarƙashin benci, na farkon ya kusa gogewa.

Baba ya ɗaga hannun hagu ya nuna allon da ke tafiya, ya bugi ƙirjinsa sau ɗaya, ya dube ta.