Mutumin da Ba Ya Tsufa

Mai haɗa hotunan mujalla, wanda ake wa laƙabi da Fundi, na cikin yanke kan jarumi Mwewe daga wani tsohon hoto zai liƙa shi a kan gangar jikin da ke wani hoton, sai Bwana Mchomvu, mai mujallar, ya shigo yana sharce gumi.

"Fundi, ka tsaya ka yi wannan da kyau, shi ne na ƙarshe. Takarda ta gagara a ƙasar nan, ko ta ƙunshe kifi sai kana da hanya."

Mujallar Mwewe labari ne cikin hotuna, na wani ɗan sandan ciki mai farar hula da bindiga a hannun hagu. A da, ranar fitowarta har kwandastan bas mantawa yake da fasinja a Dar es Salaam. Lusekelo, saurayin da ke fitowa a matsayin Mwewe, kyau ya yi masa yawa, 'yan mata kan yanke hotonsa su ɓoye.

Amma an yi shekaru ba a ɗauke shi sabon hoto ba, tun fitowar nan da ya yi tsalle daga mota tana ci da wuta. Wasu suka ce ya tsallaka zuwa Nairobi, wasu suka ce girman kai ne ya kwashe shi. Mchomvu ya bar kowa da zatonsa, tunda mujalla na tafiya. Fundi ne ke raya Mwewe da almakashi da gam: kai daga nan, naushi daga can, a canza maganar bakinsa, labari ya zama sabo.

Shi kuwa Fundi ba ya son haske. Wuta ta taɓa cin fuskarsa, hayaƙi ya mayar da muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Sababbin ma'aikata suka yanke cewa risho ne ya fashe da shi, bai musa ba.

"Ga wata sabuwa kuma," in ji Mchomvu. "Maman Lusekelo na bakin ƙofa, tun daga garin Tukuyu. Ni dai bakina ya gaji da ƙarya. Kai ka san abin da za ka gaya mata."

Almakashin ya suɓuce daga hannun hagun Fundi.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, yanar ido ta fara rufe mata gani, tana rungume da ƙulli. Duk fitowa Fundi ke aika mata mujallar a bas, ita kaɗai ce hanyar da take ganin ɗanta. Yanzu ga hanyar za ta toshe, ga ta ta zo da ƙafarta.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi, ta kawar da kai da sauri, sannan kunya ta sa ta sake dubansa.

"Sannu, bawan Allah. Kai ne mai aikin ɗana?"

"Ni ne, Mama."

"To ina shi uban 'yan gayun?"

"Ya yi tafiya, Mama. Aiki."

"Aiki! Aikin nan ba ya ƙarewa ne?" Ta ciro wata mujalla da ta yi laushi don shafa, ta kara ta a hanci. "Ni ban iya karatu ba, amma na iya ɗana. Duba nan. Ba ya ƙiba, ba ya rama, ko furfura ɗaya. Sa'o'insa duk sun yi tumbi. Kuma wannan rigar ita ce ta bara, ita ce ta bara waccan. Ba kwa saya masa kaya ne?"

Fundi ya so ya yi dariya, ya kasa.

Ta rage murya. "Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Yana raye?"

"Yana raye, Mama. Na rantse."

Ta yi ajiyar zuciya, hawaye ya zubo. "To kunyata yake ji ke nan. Ya zama babban mutum, ni kuwa ƙafa duk faso."

"Wallahi ba ke yake jin kunya ba."

"Kana kare maigidanka, ka kyauta." Ta miƙa masa ƙullin. "Ka ba shi. Ka ce idona na tafiya, ba na jin zan kai damina biyu ina gani. Fuskar nan tasa nake so in kalla sau ɗaya, ba a takarda ba. Duk Tukuyu ba wadda ta haifi mai kyansa."

Da ba ta faɗi wannan na ƙarshen ba, da wataƙila ya buɗe baki. Ya ɗauki jakarta, ya raka ta tashar Kariakoo, ya samo mata kujerar taga. Mota na shirin tashi ta leƙo.

"Kai fa, uwarka na da rai?"

"Tana nan."

"To ka riƙa zuwa ganinta. Kada ka koyi halin maigidanka."

Ya tsaya har bas ta sha kwana. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba shi da wurin kai ƙara.

Da ya koma ɗakin baya ya ja ƙofa, ya kwance ƙullin a kan tebur, tsakanin yankakkun hotuna. Soyayyar gyaɗa ce, an murje ta tas, ba ko ɓawo ɗaya, don yaron nata tun yana ƙarami ɓawon kan sa shi tari.

Lusekelo ya cika baki da gyaɗar uwarsa, yana tauna yana kuka, yana kallon fuskar da wutar motar nan ta raba shi da ita.