Ɗige-ɗigen da Ya Bari a Bango

Direban motar da za ta kwashe su zuwa Nijar yana ta danna oda, shi kuwa Malam yana tsugune yana ɗiga ragowar shuɗin fenti a bangon ƙofar gida. Dokar korar baƙi ba ruwanta da cewa ya tsufa yana yi wa motocin Kumasi zane. Matarsa haifaffiyar ƙasar ce, za ta zauna ta yi jinyar tsohuwarta.

"Haba Malam! Abin da za ka bar mini ke nan? Ɗige-ɗige sai ka ce kashin kaji?"

"Kin matso da yawa ne," ya ce, yana goge hannu a rigarsa. "Ido sai da tazara yake haɗa abin da ya warwatse."

Haushi ya hana ta sake kallon wurin. Kullum ta jikin bangon take wucewa da tukunyar kokonta, har damina ta shigo, babu labarinsa.

Ran nan motar haya, trotro, ta sauke ta a tsallaken titi, inda ba ta saba sauka ba. Tana jiran motoci su wuce, ta ɗaga ido. Ɗige-ɗigen da suka kusanci juna suka zama kafaɗa, waɗanda suka jeru suka zama lanƙwasar baya, giɓin da ya bari kuma idonta ya cike. Ga Malam nan a jikin bango, zaune inda ya saba, hula a karkace.

Ba ta tsallaka ba, don ta san in ta matso zai sake tafiya. Daga nan ta gyara mayafi, ta ce, "Sannu da gida, Malam."