Hayaƙin Da Tauraro Bai Gani Ba

A shekarar kullen korona, motocin itace suka daina shigowa Kabo. Inna, mahaifiyata, mai ƙuli-ƙuli ce, sai ta koma hura wuta da kara da busasshen kashin shanu. Har yanzu warin yana hancina.

Wata la'asar na shigo da gudu daga zaure, inda Baba ke sauraren rediyo. Na ce, "Inna, wai tauraron ɗan'adam ya leƙo daga sama, ya ga hayaƙi ya ragu a manyan birane tunda motoci suka tsaya. An ce iskar duniya ta huta. Mu ma mu kashe wutarmu yau."

Tana durƙushe gaban murhu, idanunta jajur. Ta yi tari mai tsawo, ta goge fuska da bakin zani.

Ta ce, "Masu motocin sun ajiye su, sun shiga gida sun ci abinci. Ni in na kashe wannan, me za ki ci? Ki gaya wa tauraron naki ya sauko madafina, ya auna ƙirjina."

Ta ƙara tura kara, ta hura da ƙarfi.

Yanzu a jami'a ana nuna mana hotunan wancan lokacin, birane sun washe tas, 'yan ajinmu suna ta sha'awa. Ni kuwa nakan ɗaga hannu in tambaya ina Kabo take a jiki. Malamin ya gaji da ni, ban kuma daina ba. Inna tana tari har yau.